Baffa Idi da Ruwan Ɗakin Goro

Baffa Idi yayan Abbanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara ce tsakaninsu. A unguwarmu ta Hausawa da ke gangaren kasuwar Ochanja a Anacha, Idi Ga-ruwa ake ce masa, domin ya fi shekara talatin yana tura kura mai jarka goma sha biyu gida-gida. Kaɗan ne suka san cewa asalin sana'arsa haƙar rijiya ce.

A wani ƙauye na ƙasar Ɗambatta aka haife su. Kakanmu mahaƙin rijiya ne, shi kuma Baffa tun yana ɗan shekara goma sha biyu ake ɗaura masa igiya a ƙugu a zura shi. Abba ya taɓa gaya mini abin da ya raba shi da sana'ar. Wata damina aka kira su yasar wata tsohuwar rijiya, shi da abokin aikinsa Ɗanjuma. Masu rijiyar suna sauri, aka tara samari aka kwashe ruwan tas a wuni ɗaya. Ɗanjuma ya sauka ɗebo laka, gefen rijiyar ya rufto masa. Baffa ne riƙe da igiyar. Bayan sadakar bakwai ya hau motar shanu, bai sauka ba sai tashar Upper Iweka a Anacha. Ni dai ban taɓa jin wannan labari daga bakinsa ba.

Ya yi aure sau ɗaya, a Abakpa ta Inugu. Matar ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Ya dawo Anacha, Abba ya ba shi shagon da ke cikin soron gidanmu, a nan na taso na same shi. Katifa ɗaya, buta, rediyo, da igiyoyi a rataye a ƙusa.

Abba fataucin goro yake yi. Goro kuwa ba ya son zafi, shi ya sa lokacin da zai gina gidanmu ya ce wa yayansa ya haƙa masa ɗaki a cikin ƙasa. Baffa ya haƙa shi da rani, shi kaɗai, da diga da kwandon ɗiban ƙasa. Matakala goma sha ɗaya ake sauka. Aka jera bulo ɗaiɗai a bangonsa, ba rodi, aka zuba kankare a sama, a kan kankaren aka ɗora ɗakin Umma. Wato daɓen ɗakin Umma shi ne rufin ɗakin goro, bangonta na gabas kuma a kan bangonsa yake tsaye.

Maƙwabciyarmu Mama Obiageli, wadda mijinta ya sayar wa Abba filin, har yau tana ba da labarin ranar da ta leƙa ramin. Ta ce ta tambayi Baffa, “Hausa man, na grave you dey dig?” Wato kabari yake haƙa? Ta gaya masa a nan ba a tona ƙasa, kogi yana kwance a ƙarƙashin kowa. Baffa ya amsa mata da cewa shi ya haƙa rijiya gaba goma sha takwas bai ga danshi ba. Gaskiya ya faɗa, amma a Ɗambatta ne. Duk layinmu babu Inyamuri ɗaya mai ɗaki a ƙasa. Mu kaɗai ne.

Shekara ashirin da shida ɗakin bai ba da kunya ba. Sanyi da ɗan danshi, daidai abin da goro ke so. Sau ɗaya, shekara goma baya, ruwa ya hau matakala biyu, ya kwana uku ya koma da kansa.

Abba ya rasu a tsakiyar daminar shekarar dubu biyu da ashirin da biyu. A kasuwa ya yanke jiki ya faɗi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Umma ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, a ɗakinta. Ta daina kwalli, ta daina turare, muryarta ta koma ƙasa-ƙasa. Mu ma gidan haka ya koma. Ana dafawa ana ci, ana shara, ana amsa gaisuwa. Huhunan goron da Abba ya shigo da su na ƙarshe suna ƙasa, ba wanda ya iya sauka ya taɓa su. Janaretan gidan ma yana can, inda Abba ke ajiye shi saboda ɓarayi.

Saura kwana ashirin da uku Umma ta fita takaba kogin Kwara ya cika ya shigo gari. Gidajen da ke ƙasa da mu ruwa ya kai musu taga. Mu bai tsallako ƙofarmu ba. Ta ƙasa ya zo. Da safe na ji wani wari kamar na jiƙaƙƙen buhu, na buɗe ƙofar ɗakin goro, na ga matakala biyu kawai a bushe. Sauran tara suna cikin wani baƙin ruwa mai kwance lumus, ganyen huhu na yawo a kai. Wuta kuwa tun kwana biyu kafin nan ta ɗauke, don taransifomar unguwa ta nutse. Janareta yana ƙarƙashin ruwan.

Baffa ba ya gida. Tun asuba ya fita da kurarsa, saboda a ambaliya ruwan sha ne ke fara wuya, kowa nemansa yake. Yaya Abdulfatah, wanda shi ne babba a cikinmu kuma yana aiki da mahauta a mayanka, ya zo ya duba, ya ce wannan aikin wuni ɗaya ne. Kafin hantsi ya dawo da abokan aikinsa takwas, kowa da bokiti.

Da farko sun gwada tiyo. Suka tsoma kai ɗaya a ruwa, ɗaya kan a lambatun ƙofar gida, wani mai suna Aslam ya zuƙa da ƙarfinsa. Ruwan ya cika masa baki, ya tsaya nan, domin lambatun ya fi ɗakin tudu.

“Yaya ɗanɗanon?” in ji ɗaya.

“Goro ne, wallahi, har da ɗaci,” in ji Aslam yana tofarwa.

“To ka shanye mana shi mu huta.”

Sai suka jeru, daga matakala zuwa tsakar gida zuwa waje, bokiti na bin hannu. Mutane ne masu ƙarfi, sun saba ɗaga cinyar sa. Ina jin su daga kicin.

“Kai Basakkwace, rabin bokiti kake miƙo mini, azumi kake?”

“Kai dai karɓi. Ruwan ubanka ne da za ka auna?”

Muka dafa musu shinkafa da wake. Zuwa la'asar sun ci matakala shida, laka na bayyana a jikin bango, suna ta murna. A lokacin Baffa ya shigo. Ya jingine kura, ya leƙa, ya daɗe yana kallon bangon gabas, inda ruwa ke tsattsafowa ta tsakanin bulo kamar gumi.

“Ku ajiye bokitan nan,” ya ce.

“Baffa saura kaɗan fa,” in ji Yaya.

“Na ce ku ajiye. Wanda ke ƙasa ya hauro.”

Ba su gama haurowa ba muka ji ƙara, ba babba ba, kamar an taka busasshen kara. Na shiga ɗakin Umma. Tana zaune a kan darduma, carbi a hannu. Bangon bayanta ya tsage daga daɓe har gindin taga, tsagar da farce zai shiga. Ta waiga ta kalla, ta juyo ta ci gaba da jan carbinta.

Washegari da safe ruwan ya dawo inda yake, matakala ɗaya kawai ya bar musu cikin shidan da suka ci.

Baffa ya yi wa Yaya bayani a soro, ina zuba musu koko ina ji. Ya ce ƙasar da ke bayan bangon ta sha ruwa ta ƙoshi, tana turo shi ciki. Ruwan da ke cikin ɗakin shi ne ke tokare da shi ta wannan gefen. In ka kwashe na ciki alhali na waje yana nan, ka cire wa bango matokari. In ya faɗa, ɗakin Umma zai bi shi.

Liman ya zo da hantsi. Ya tsaya a bakin ƙofa, labule a tsakani, ya yi sallama ya yi gaisuwa. Ya ce shari'a ba ta ɗora wa mai takaba zama inda take tsoron rushewa ba, ta koma wani ɗakin, ko ma wani gidan, ta ƙarasa kwanakinta, babu laifi a kanta.

“Na ji, Malam,” in ji Umma. “Allah ya saka da alheri.”

Da ya tafi na fara naɗe mata katifa. Ta ce in mayar.

“Umma, kin ji fa abin da Malam ya ce.”

“Na ji. A nan ya bar ni, Ihsan. Kwana ashirin da biyu ne.”

Ba ta ƙara ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kuma duk wanda ya san Umma ya san an gama magana. Ƙannenta da za su iya da ita suna Kano, hanyar Lokoja kuma ruwa ya yanke ta. Muka ja gadon zuwa gefen ƙofa, iyakar abin da ta yarda da shi ke nan.

Da na gaya wa Baffa, bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba. Ya tambayi kwana nawa ya rage, na faɗa masa. Ya ce to.

Ranar ya ɗauko digarsa daga ƙarƙashin katifa. Ya zaga bayan gida, ya tona wani siririn rami a gindin bangon gabas. Bai kai kamu biyu ba ruwa ya taru a ciki. Ya kafa sanda, ya yi mata tsaga da wuƙa daidai bakin ruwan. Ya samo katakan jikin wata tsohuwar mota a gareji, ya tuɓe riga, ya shiga ɗakin goro ruwa har wuyansa, ya gicciya su daga bango zuwa bango, yana buga ƙananan itatuwa suna matsewa. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya. Da ya fito jikinsa na rawa, ganyen goro a manne a kafaɗarsa. Ya ɗinka guga da tsohon tubun mota, irin wanda ake ja da shi a rijiyoyin gida.

Sannan ya kira ni. Shi ba zai shiga ɗakin mai takaba ba, don haka ya ba ni curin laka, ya ce in shafa a kan tsagar bangon, wuri uku, in lailaye. Kullum da safe in duba. In lakar ta tsage, bango ya motsa.

Haka muka shiga kwanakin. Bayan sallar asuba, gari ya ɗan waye, zai zaga ya duba sandarsa. In ruwan waje ya sauka yatsa uku, zai ɗebe yatsa uku a ciki, ba ƙari. Yana tsaye a matakala yana jefa guga, yana ɗura jarkoki. Yatsa uku kura biyu ne da ɗoriya. Ba ya zubarwa a lambatun ƙofar gida, ya ce nan zai nutse ya dawo mana ta ƙasa. Sai ya tura kurar har ƙarshen layi, inda babbar magudana ta gangara. Jarkokin wannan aiki daban ya ware su, ya ɗaura musu jan tsumma don kada su haɗu da na ruwan sha. In ya gama sai ya tsaya a tsakar gida, bai kalli ƙofar Umma ba, ya ce, “Ihsan, yaya lakarki?” In ce lafiya. Sau biyu na ce ta tsage. Duk biyun ya sake shiga ruwa ya ƙara katako, bai ɗebi ko guga ɗaya ba ranar.

Akwai kwanakin da ruwan waje bai sauka ko kaɗan ba. Irin waɗannan ranaku zai zauna a matakala ta biyu, guga a gefensa a bushe. Mutanen layi suka fara tsokanarsa.

“Idi Ga-ruwa, an ce ka samu aikin gadin ruwa?”

“Na samu.”

“Kada ka bari a sace maka shi fa.”

“In kana so in ɗebo maka na alwala,” in ji Baffa, fuskarsa ba dariya ba fushi.

Mama Obiageli ta kawo mana maganin sauro na kunnawa da ƙullin garin kwaki. Ta leƙa ɗakin, ta toshe hanci da gefen zane, ta kalli Baffa. Na ɗauka za ta tuna masa maganarta ta da. Sai kawai ta ce, “Idi, ndo,” wato sannu, ta fita.

Warin ne ya fi komai. Goron ya ruɓe. Baffa yana laluben huhunan da ƙafa yana turo su bakin matakala, mu ja mu fitar, amma ruwan ya riga ya ɗauka. Ya shiga tufafi, ya shiga abinci. Sauro ya yi gida. Ta daɓen ɗakin Umma sanyi ke tasowa, tabarma ta fara funfuna. Muka saba, har muka daina cewa komai a kai. Ni kaina a kwanakin nan ban san ina jin tsoro ko ba na ji ba. Ina tashi, in duba laka, in ɗora ruwan zafi, in ƙirga kwana.

Saura kwana goma sha ɗaya zazzaɓi ya kama Umma. Mai kemis na layinmu ya zo ya yi mata allura, ya ce iskar ɗakin ce da sauro. Washegari Yaya Abdulfatah ya iso a kan okada, wato acaɓa, rungume da injin jan ruwa mai amfani da fetur, wanda ya aro a mayanka. Ya sauke shi a bakin ɗakin goro, ya fara warware tiyo. Baffa yana zaune a matakala, bai tashi ba.

“Baffa, a ɗan ba ni hanya.”

“Ina za ka?”

“Awa ɗaya injin nan zai zuƙe shi tas. Mu wanke, mu zuba magani, a huta.”

“Na waje bai sauka ba.”

“Kullum na waje, na waje! Kwana goma sha biyu kana ɗiba da cokali, matakala uku ka ci. Mahaifiyata tana kwance, wari zai kashe ta.”

“Wari ba ya danne mutum, Abdulfatah.”

“Baffa, da girmanka, wa ya haƙa ramin nan tun farko? Ba kai ba ne? An gaya maka ba a yi, ka yi.”

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ba a taɓa yi wa Baffa magana haka a gidanmu ba.

“Ni ne,” in ji Baffa. “Ni na jera bulon. Shi ya sa na san abin da zai iya ɗauka. Ka kunna injinka in kana so, amma ina nan zaune, a ƙasa za a same ni.”

Ya sauka matakala ɗaya, ya zauna, ruwa ya rufe masa ƙafafu har gwiwa.

Yaya ya riƙe igiyar tayar da injin, bai ja ba, bai saki ba. Sai muryar Umma ta fito daga bayan labule, a dishe. Ita ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne.

“Ihsan.”

“Na'am, Umma.”

“Ki ce wa yayanki ya bar Baffanku ya yi aikinsa.”

Yana ji, ba sai na maimaita ba. Ya naɗe tiyon, ya ja injin zuwa soro ya rufe shi da buhu. Kwana uku bai ci abinci a gidan ba. A na huɗu ya zo da gidan sauro sabo, ya miƙo mini, ya tafi ya kama wa Baffa tura kura zuwa ƙarshen layi. Ban ji sun yi magana ba, tafiya da dawowa.

Zazzaɓin ya sauka a hankali. Kogi ma ya fara ja da baya, mutanen gangare suka dawo suna kankare laka daga ɗakunansu. Sandar Baffa ta fara nuna yatsa huɗu, yatsa shida, wata rana har tafin hannu biyu. Aikin ya ƙaru, kura biyar, kura bakwai. Tafin ƙafarsa ya yi fari ya tsattsage, tsakanin yatsunsa ya ci, yana shafa man kaɗanya da toka. Masu sayen ruwansa da yawa suka koma wajen wani, don ba ya fita sai azahar. Lakata ba ta ƙara tsagewa ba, amma tsagar da ke bango ta riga ta kai yatsa ya shiga.

Ranar Talata kwanakin suka cika. Da safe na ɗora ruwa, Umma ta yi wanka, ta sa atamfar da na goge mata da dutsen guga na gawayi, na zizara mata kwalli. Matan unguwa suka shigo, aka yi addu'a, aka raba waina. Da hantsi ta ɗaga labule ta fito tsakar gida, tana kare ido da hannu saboda rana. Ta rame ƙwarai. Ta ce a kwashe kayanta a kai ɗakina, muka kwashe, gado da akwatuna da kwanukan jere, cikin rabin awa ɗakin ya zama fayau.

Baffa yana tsaye a bakin soro. Ta ɗan rusuna.

“Yaya, ina kwana. Sannu da wahala.”

“Lafiya lau, Hajiya. An fita lafiya? Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri.”

“Amin.”

Iyakar abin da suka ce ke nan. Matakala huɗu ne suka rage a cikin ruwa. Baffa ya juya wajen Yaya Abdulfatah ya ce, “Ɗauko injinka.”

Aka kunna. Bai cika awa ɗaya ba ya zuƙe ruwan, ya bar laka da ruɓaɓɓen ganye da janareta a kife ya yi tsatsa. Muka tsaya daga nesa muna kallon bangon. Bai faɗi ba.

“To ga shi nan, Baffa,” in ji Yaya, ba da faɗa ba. “Ina bangon da zai faɗi?”

Baffa ya zaga bayan gida, na bi shi. Ya leƙa ramin da ya tona, ya zare sandar, ya duba ƙarshenta, a bushe take. Ya jingine ta a bango. Ya dawo ya kwance jan tsumman da ke jikin jarkokin, ya ce in kawo masa omo, yau sai ya wanke su sau uku kafin su koma aiki.

Umma ta ce a sa wa ɗakin kwaɗo, na sa. Ta zauna a kan tabarma a tsakar gida, inda rana ta fi kaiwa, ta ce in dama mata koko. Na dama na kawo. Ta sha kaɗan, ta ajiye kofin a gefenta, ta ci gaba da zama.